Buɗe kampani a ƙasar waje: abin da za ka fara yi tun daga Yamai kahin ka hau jirgi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kwanan baya wani Alhaji da nike riƙe ma lissahi nan Yamai, mutumin Tawa ne kamar ni, ya kira ni shagonshi cikin Babbar Kasuwa ya ce "ɗana, ina son in buɗe kampani a Dubai, nawa za ya ci mani?" Na ce Baba Alhaji mi za ka yi da shi can? Ya yi shiru ya gyara hula ya ce to ai kowa na buɗewa. Wallahi amsar ga na ji ta ya hi sau goma bakin ƴan kasuwarmu, maza da mata, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin shike tun daga farko, wanda ya karanta shi ba na kusa da shi labari.

Mu fara da tambayar da na yi ma Alhaji, don ita ce matakin farko kuma kyauta ce. In kaya kawai kake saye can ka ɗoro kontena ka kawo gida, ba ka buƙatar kampani a ƙasar, biza da mai jigila na kirki da faktir mai kyau sun ishe ka, mutanenmu sun shekara da shekaru suna zuwa Dubai da Gwanju da Santambul a haka. Kampani na zama dole ne in za ka SAIDA can, ko ka kama mangaza da sunanka, ko ka ɗauki ma'aikata, ko ka shiga kwangila da wani babban kampani da ba ya hulɗa da mutum sai da takarda, ko kana son kont na banki da takardar zama. In babu ko ɗaya cikin waɗanga to ka aje kuɗɗinka, don kampani kamar doki ne, ko ba ka hau ba sai ya ci.

To in ka tabbata kana buƙata, sai zaɓen ƙasa, kuma nan ina son mutane su lura ba duka "waje" ne ɗaya ba. Akwai wajen da ke kusa da gida ta hanyar doka. Nijar tana cikin OHADA, yarjejeniyar da anka sa ma hannu a Port-Louis a 1993, ƙasashe 17 ne ke aiki da dokar kasuwanci guda, Togo, Benin, Kodebuwa, Senegal, Mali, Burkina, Cadi, Kamaru, Gabon da sauransu, babbar kotunta tana Abijan. Ma'ana SARL ɗin da ka sani nan, wato ƙaramin kampani na masu hannun jari, ita ce SARL a Lome, RCCM, wato rajistar kasuwanci, shi ne RCCM, noter shi ne noter, faransancin ma guda ne. Cikin su kuma guda 8 muna UEMOA tare, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗɗi ta Afirka ta yamma, kuɗɗinmu ɗaya, sefa, yuro guda sefa 655,957 ba ya motsi. Ga mai kaya a tashar ruwan Lome, musamman tun da gadar Gaya da Malanbil ta ruhe a 2023 kaya sunka koma biyowa ta Burkina, wannan ita ce ƙofa mahi sauƙi kuma ni ita nike fara nuna ma mutum.

Sai Najeriya, wadda mu mutanen Tawa da Ƙonni ba ma ko ɗaukarta ƙasar waje, kawunka na Sakkwato gwaggonka na Illela, amma doka ba ta san wannan ba, gare ta kai baƙo ne kamar ɗan Indiya. Dokar kampanoninsu ta 2020 ta ce kampanin waje ba ya kasuwanci cikin ƙasar sai ya yi rajista can, kuma ma'aikatar cikin gida tana neman jarin naira miliyan 100 ga kampanin da ke da hannun baƙo kahin ta ba shi izinin kasuwanci. Ka ƙara da rawar naira, a farkon 2023 dalar Amurka na wajen naira 460 a farashin gomnati, a 2024 ta wuce 1.500, wanda ya canza sefa ya zuba can kahin nan ya san abin da nike faɗi, ya saida kaya ya ci riba a naira ya dawo Ƙonni ya canza ya tarar uwar kuɗɗin ma ta rame.

Gana kuwa ƴan albasa ku saurara da kyau, don albasar Galmi ba ta da kasuwa kamar Akra da Kumashi. Dokar hukumar zuba jarinsu GIPC ta 2013 ta sa ma baƙo jarin dalar Amurka 200.000 in ya haɗa da ɗan ƙasa, dala 500.000 in shi kaɗai ne, in kuma saye da sayarwa za ya yi to dala miliyan 1 da ɗaukar ƴan Gana 20 aiki, sannan ƙaramin ciniki cikin kasuwa an keɓe ma ƴan ƙasa ɗungum, dokar ga ce anka riƙa ruhe ma ƴan Najeriya shaguna da ita. Gomnatinsu ta yi maganar sauke sharuɗɗan jarin a 2025, saboda haka kahin ka motsa ka sa lauya can shi ba ka nassin da ke aiki ranar, kar ka tahi da labarin tasha.

Dubai ita ce ke ruɗin mutane. Iri biyu ne, akwai lasisin cikin gari akwai na yankunan da anka keɓe da ake ce ma firi zon, kamar Jabal Ali da DMCC, ko na masarautun Sharja da Ras al Khaima da sunka hi araha. Da can na cikin gari sai ka sa ɗan ƙasa shi riƙe kashi 51, amma tun 2021 an buɗe mahi yawan sana'o'i baƙo na iya mallakar duka. Na firi zon kuwa dama naka ne duka, sai dai ba ka hito da kaya ka saida kai tsaye cikin kasuwar Deira yadda ka ga dama, sai ta hanyar mai lasisin gari kuma a biya duwan kashi 5. Turkiyya da Sin ba zan daɗe kansu ba, a Turkiyya ƙaramin kampani jarinshi lira 50.000 ne tun 2024 kuma baƙo da ɗan ƙasa doka guda, a Sin kuma tun watan Yuli 2024 jarin da ka rubuta sai ka zuba shi cikin shekara 5, kar mai shiga tsakani shi zuga ka ka rubuta babban adadi don burga.

Mataki na gaba ba a waje shike ba, gida ne, kuma shi mutane ke tsallakewa. Gyara takardunka na nan. Duk bankin waje da za ka shiga tambayarshi ta farko ita ce wane ne kai a ƙasarku kuma ina ka samu kuɗɗin, in amsarka ita ce "kowa ya san ni a kasuwa" to an gama. Ka tahi Maison de l'Entreprise, inda ake rajistar kampanoni, ka yi RCCM naka da NIF, wato lambar lanho, in ba ka da su, ka riƙa biyan lanho kana aje resi, ka sa kontabul shi hidda maka lissahin ƙarshen shekara, kuma abin da ya hi duka, ka riƙa zuba cinikinka banki. Na san halinmu, kuɗɗi cikin buhu ƙarƙashin tebur ko wurin amintacce, amma takardar banki ta wata 6 da ke nuna shiga da hita ita ce shaidarka a waje, kuma ba a ƙirƙiro ta rana guda, wanda ya zuba miliyan 80 sati ɗaya kahin tahiya cikin kont da ya shekara shina barci ya ma hi jawo tambaya. Ke nan in kana nuhin buɗewa baɗi, yau za ka fara.

Sai takardun kanka. Paspor mai sauran rai ya hi wata 6, gara ma shekara biyu don kar shi mutu tsakiyar aiki. Takardar haihuwa. Takardar kotu da ke shaida ba a taɓa ɗaure ka ba, ka tuna wata 3 take yi ta mutu, kar ka ɗauke ta da wuri. Shaidar inda kake zaune, faktir ɗin wuta ko na ruwa da sunanka, ba da sunan mai gidan haya ko marigayi baba ba. Ga wani abu da ke kama da wasa amma ya tsaida mutane da yawa, rubutun suna. Mutum guda paspor ya ce Mahamadou, RCCM ya ce Mamane, banki ya ce Mohamed, takardar haihuwa kuma an haihe shi "wajejen" shekara kaza babu rana babu wata, mu nan mun san mutum ɗaya ne, kwamfutar banki a Dubai mutum ukku take gani. Ka daidaita su duka da abin da ke cikin paspor tun nan, harahi da harahi.

In ƙasar ba ta faransanci ba ce sai an fassara takardun wurin mai fassara da ya yi rantsuwa gaban kotu, sannan a buga masu hatimi a ma'aikatar harkokin waje nan Yamai, sannan ambasadar ƙasar da za ka ta buga nata, wasu ƙasashen in ka isa ma sai ma'aikatarsu ta ƙara nata bisa. In kampaninka na nan ne za ya mallaki na can, ba kai da kanka ba, to takardun sun ƙaru, statu na kampanin, wato takardar dokokinshi, RCCM, da takardar zaman da anka yanke shawarar buɗewa anka naɗa wakili, su ma duka sai sun bi layin hatimi. Ka ba abin ga sati da yawa, kar ka sayi tikiti tukuna.

Yanzu mun zo inda nike son ku ba ni hankalinku duka, hanyar da kuɗɗin za su hita. Cikin UEMOA babu matsala, daga bankinka na Yamai zuwa Lome ko Abijan ko Dakar jari na tahiya ba tare da neman izini ba, ka dai rubuta dalilin turawa daidai. Amma da ka ƙetare ƙasashen 8, ko da Kano ce, to a idon dokar canji ka zuba jari a ƙasar waje, kuma dokar UEMOA ta 2010 ta ce mazaunin ƙasa ba ya yin haka sai da izinin ministan kuɗɗi tun kahin, har ta ce aƙalla kashi 75 cikin 100 na jarin shi hito daga bashin da anka ɗauko waje, kai kashi 25 kaɗai za ka hidda daga nan. An sabunta dokar a ƙarshen 2024, to ka shiga bankinka ka nemi mai kula da hulɗar waje, ba na gishe ba, shi nuna maka sabon nassin shi gaya maka abin da za a sa cikin dosiye, don ta hannun banki ake kai buƙatar. Na san da yawa za su ce wa ke bin wannan, ai sai in ba wane sefa nan yaronshi shi ba ni dirhami can kahin in sha ruwa. Gaskiya ne ya hi sauri, kuma mutanen na da amana ban ce ba su da ita ba. Amma kuɗɗin da sunka tahi a haka ba su da sawu, kuma ranar da za ka nemi sawun tana zuwa, ranar da bankin can ya ce kawo shaidar asalin jari, ko ranar da ka ci riba kana son ka maido ta gida ta banki a tambaye ka ribar mi, yaushe ka hidda uwar.

Najeriya ta hi kowa bayyana abin ga a hili. In jarinka ya shiga ta banki, bankin na ba ka wata shaida da ake kira CCI, shaidar shigo da jari, da ita ce za ka samu damar sayen kuɗɗin waje ta hanyar hukuma ka hidda ribarka ko uwar kuɗɗinka in ka tashi. Wanda ya canza a Ƙonni ya ƙetara da naira cikin jikka ba shi da CCI, kampanin na iya yin rajista lahiya lau, amma hitar da kuɗɗin sai dai shi koma hannun ƴan canji da farashinsu. Ka gaya ma bankin tun kahin kuɗɗin su sauka cewa jari ne kuma kana son CCI, kar ka bari sai bayan wata ukku. Masu ɗaukar tsaba a jirgi kuma, Dubai duk abin da ya wuce dirhami 60.000 sai ka bayyana shi a hilin jirgi, ka karɓi takardar ka aje ta kamar takardar gida.

Daga nan sai irin kampanin da sunan wanda za a rubuta. A ƙasashen OHADA mahi yawanmu SARL ta ishe mu, mutum guda ma na iya yin ta shi kaɗai, doka ta ambaci sefa miliyan 1 amma tun gyaran 2014 an bar ma kowace ƙasa ta sauke, da yawa sun sauke ƙasa ƙwarai. SA kuwa, wato babban kampani na hannun jari, miliyan 10 ce da mai binciken lissahi dole, ba ka buƙatarta sai harka ta girma. A Najeriya limited ce, kuma in da baƙo ciki darakta biyu ake so, Gana ma biyu ne kuma ɗaya shi zama mazaunin ƙasar.

To sharuɗɗan ga na jari da na ɗan ƙasa su ne ke tura mutanenmu cikin rami, sai a ce a sa sunan wane, ai ɗan ƙasa ne kuma mutumin kirki ne tare muke salla. Kawuna ya yi haka a wata ƙasa ta gaɓar teku, shekara tara shago da mangaza da sunan mai masaukinshi, mutumin bai taɓa cin mashi ko dala ba Allah shi jiƙan shi, amma da ya rasu sai ɗiyanshi sunka buɗe takardu sunka ga sunan ubansu, kuma ba ƙarya sunka yi ba abin da takarda ta ce ke nan. Kawu ya kai shaidu ya kai limami, kotu ta ce ina rubutu. Ya dawo Tawa da akwatin tuhwahinshi. Ban da haka ma ƙasashe da yawa suna ɗaukar aron suna laihi ne, kuma yanzu kusan ko'ina ana cika takardar ainihin mai kampani, in ka ɓoye kai ne ka yi ƙarya. In ba ka iya cika sharaɗin ƙasar, gara ka nemi abokin ciniki ɗan ƙasa ku yi kwangilar saye da sayarwa, shi da kampaninshi kai da naka, ko ka sake ƙasa.

In kuma haɗin gwiwa ne na gaskiya, to ku zauna ku rubuta duka tun ana dariya. Kashi nawa kowa, wa ke sa hannu a banki kuma har nawa shi kaɗai ke iya hiddawa, wa ke naɗa manaja wa ke tsige shi, in ɗaya na son hita wa za ya fara saye kuma yaya za a yi ma kason kuɗɗi, in ɗaya ya rasu yaya magada za su shiga, in an yi rigima ina za a kai ta. Alƙur'ani ma cewa ya yi in kun ƙulla bashi ku rubuta, ayar da ta hi kowace tsawo ke nan, amma mu sai mu ce kunya. Statu ɗin da mai shiga tsakani ke miƙo maka ka sa hannu, kwahe shi ya yi daga na wani, ka sa a karanta maka shi da Hausa layi layi, musamman wurin ikon manaja. Takardar wakilci kuma kar ka ba kowa buɗaɗɗa, a rubuta aikin da za ya yi da ranar da za ta mutu.

Rajistar kanta, wadda kowa ke tsoro, ita ce mahi sauƙi. A Lome ka tahi CFE, a Kwatano APIEx, a Abijan CEPICI, a Dakar APIX, duka ƙofa guda ce kamar tamu, ka kai statu, kopin paspor, shaidar zuba jari, kwantiragin hayar wuri, su ba ka RCCM da lambar lanho da ta asusun ma'aikata, in dosiye ya cika kwana ɗaya zuwa kaɗan ne. A Najeriya ana farawa da kama suna a shahin intanet na CAC, hukumar rajistar kampanoninsu, a cika bayanan masu hannun jari da daraktoci, a biya kuɗɗin rajista da na hatimi wanda ke hawa daidai da girman jarin, a samu satifiket mai lambar RC da lambar lanho, daga nan a yi rajista da hukumar zuba jari NIPC, sannan izinin kasuwanci daga ma'aikatar cikin gida, in abinci ko magani ko kayan shafa ne kuma hukumar kula da su NAFDAC na jiranka. A Dubai ka zaɓi sana'a daga jerin da sunka tsara, kuma ka zaɓa da kyau don abin da ke rubuce bisa lasisi shi kaɗai za ka yi, mai lasisin tuhwahi ba ya saida kayan mota, sai suna, sai amincewar farko, sai hayar biro ko ɗan tebur, sai lasisi. Wajen suna ku yi hattara, irin sunayen da muke so masu ambaton Allah ba su karɓa can, ka tahi da ukku ko huɗu a aljihu.

Lasisi a hannu sai mutum shi ɗauki hoto shi sa a WhatsApp, alhali aikin na gaba, kont na banki. A Lome ko Abijan da sauƙi, wasu bankunan da ke nan ma suna can, ka nemi naka shi rubuta maka takardar gabatarwa. A Dubai kuwa lasisi na iya hitowa cikin sati guda banki shi riƙe ka wata biyu ko shi ƙi ka ba tare da ya gaya maka dalili ba. Suna son ganin takardar bankinka ta gida, faktir na waɗanda kake saye gare su da waɗanda kake saida ma, wurin aiki na gaske, da bayanin nawa kake sa ran za ya riƙa shiga a wata. Ka faɗi gaskiya, in ka ce dirhami dubu 50 sannan miliyan ya faɗo daga ƙasar da ba ka ambata ba za su daskare kont ɗin. Duk wanda ya ce maka ba ni kaza in tabbatar maka da kont, ƙarya shike, ba shi ke yankewa ba. Kuma lambar tarho da imel da za a sa a banki su zama naka, na ga wanda lambar sirrin bankinshi ke zuwa a salular yaron da ya yi mashi rajista.

Takardar zama daban take da kampani, wannan ku riƙe shi. A Dubai bayan lasisi ana buɗe ma kampanin kati a hukumar shige da hice, a ba ka izinin shiga, a yi gwajin likita, a ɗauki yatsu, a ba ka katin Emirates ID da zaman shekara 2, kuma yawan bizar da kampani ke samu na bin girman wurin da ka kama. A Najeriya akwai ƙayyadadden gurbin ma'aikata baƙi da ake nema wurin ma'aikatar cikin gida. Tun 29 ga Janairu 2025 mun hita CEDEAO mu da Mali da Burkina, ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenmu su yi zirga-zirga da zama har sai an sake sanarwa, to abin da ke tsaye bisa "har sai an sake sanarwa" ba a gina mangaza a kanshi, ka yi takardar zamanka cikakka. Samarinmu masu aiki ta intanet da ke buɗe LLC, irin SARL ta can, a Amurka daga ɗaki a Yamai, ku sani ba ta ba ku biza, kuma akwai takardar da ake ce ma 5472 da baƙo mai LLC shi kaɗai ke aikawa hukumar lanhonsu kowace shekara, tarar rashin aikawa dalar Amurka 25.000 ce, masu tallar "buɗe cikin minti goma" ba su faɗin wannan.

Sai ciyar da dokin. Maganar Dubai babu lanho ta tsuhwa, TVA, lanhon da ake ɗora ma abin da anka saida, kashi 5 tun 2018, kuma tun Yuni 2023 akwai kashi 9 bisa ribar da ta wuce dirhami 375.000, ko ba ka kai ba sai ka yi rajista kuma jinkiri tarar dirhami 10.000 ne, lasisi da haya kuma duk shekara ake sabuntawa. Togo TVA kashi 18, Najeriya 7,5 da rahoton shekara ga CAC, kuma in za ka hidda riba a matsayin mai hannun jari suna cire kashi 10. Tsakanin ƙasashen UEMOA akwai ƙa'idar 2008 da ke hana a ɗora maka lanho sau biyu kan riba guda, amma sai ka nema da takarda, ba ta zuwa da kanta. Ka ɗauki kontabul a can tun watan farko, wanda kai ka zaɓa ba wanda abokin haɗinka ya kawo ba, kuma ko ba a yi cinikin dala ba a kai rahoton babu. Ni lissahin da nike ba mutum shi ne kuɗɗin buɗewa, da na sabuntawa shekara biyu, da haya, da kontabul, da tikitin zuwa sau biyu a shekara, in jimillar ta hi ribar da kake hange to amsa ta hito. In harka ta ƙi kuma a ruhe kampanin bisa ƙa'ida a kashe lasisi da biza a karɓi takarda, wanda ya yi tahiyarshi ya bari tara na taruwa da sunanshi, wata rana za ya biyo ta hilin jirgin shina hanyar wani wuri a tsaida shi.

Baba Alhaji dai da munka zauna da alƙalami bayan la'asar, ya bayyana abin da ke damunshi ba Dubai ba ne, kontenoninshi ne da ke kwana a Lome suna cin kuɗɗin ajiya, da wasu ƴan Burkina da ke son saye gare shi tun can. Yanzu SARL muke haɗawa a Lome da sunanshi shi da babban ɗanshi, kashi 80 da 20, jarin za ya tashi daga bankinshi na nan. Abin da ya tsaida mu sati ukku ke nan, paspor ya ce Aboubacar, RCCM ya ce Boubacar, gobe da sahe in Allah ya kai mu za mu koma wurin magatakardan kotu.